Atamfar da Ke Hawa Motar Kibiya

Yayata ba ta taɓa sayen atamfa ba tare da ta lasa ta ba. Ko kunya ba ta ji. A tsakiyar kasuwa, a gaban mai kanti da yaransa, za ta ɗaga gefen turmi ta kai bakinta, ta ɗan tsotsa, ta yi shiru kamar mai ɗanɗana miya. Ni kuwa sai in kau da kai in yi kamar ba tare muka zo ba. In ta tofar ta goge baki, to mun wuce ke nan, ko da mai kanti zai rantse da duk abin da ya sani. In ta gyaɗa kai, sai ta ce a ba ta kujera.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu. Ita ce babba, ni ce auta, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu ita ta zame mini uwa, har da faɗan. Ni ina aure a Rano, maigidana malamin firamare ne, albashinsa sai ya ga dama yake zuwa. Ita kuwa ta yi shekaru a birni, mijinta yana aiki a masaƙa, a can ta san zare kamar yadda wasu suka san hatsi. Ta sa kaya na gani na faɗa a wancan lokacin. Da aka rufe masaƙar, a shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, suka tattaro suka koma gidan gado a Kibiya, mijin ya koma gona. Gida ne babba, sassa da yawa, mata da yawa, kuma kowacce ta zuba ido ta ga ranar da 'yar birni za ta fara ɗaura tsumma.

Ba su san ta riga ta fara sayar da kayanta ba. Ɗaya bayan ɗaya take kawo su Rano ta ba wata dillaliya, don kada a gane su a Kibiya, kuɗin ya tafi makarantar yara da cefane. Sai da akwatinta ya kusa zama fayau. Abin da take tsoro a duniya bai wuce matan gidan nan su sani ba. Ba yunwa take tsoro ba, na ga ta wuni da koko tana dariya. Tausayi ne ba ta so, irin wanda ake yi wa mutum ana taɓe baki.

Wata rana ta zo mini wuni. Ko izini ba ta nema ba ta buɗe akwatina, ta riƙa ɗaga zannuwana da yatsa biyu tana tsaki.

Ta ce, "Auta, kina ɓarnar kuɗi. Ki yi ta sayen roba, wanki biyu ta koɗe, ki sake sayen wata robar. Wannan ai ko akuya ba za ta ci ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To Yaya, ki saya mini na kirkin mana, tunda ke ce mai masaƙa."

Ba ta ji haushi ba. Ta rufe akwatin ta zauna a kai, ta rage murya. Ta ce in kawo abin da nake tarawa na man gyaɗa, ita ma ta kawo na awakinta, mu haɗa mu sayi turmi ɗaya mai kyau. Na ɗauka raba shi za mu yi, kowa ta samu zani. Ta ce a'a, wa ya ce a yanka? Ɗinki ɗaya za a yi, riga da zani da kallabi, in ina da biki a Rano ya zo Rano, in tana da suna a Kibiya ya koma Kibiya.

Na ce, "Kaya ɗaya mu biyu? Sai ka ce marayu."

Ta ce, "Da mene ne mu?"

Haka muka fara, kuma tun ranar ta sa ni na yi alkawarin ko maigidana ba zai ji ba. Shi ya sa ko yanzu da nake ba da labarin ba zan kama sunan kowa ba.

Yaya ba ta shiga kasuwar tufafi gab da Sallah, ba ta kuma shiga da kaka, lokacin da manoma suka sayar da amfani kowa yana haɗa lefe. Sai damina ta yi tsakiya, kuɗin kowa ya tafi taki, 'yan kasuwa suna zaune suna korar ƙuda, sannan za ta aiko in shirya. Mu haɗu a tashar Rano da sassafe, mu shige kujerar baya inda ake ware wa mata, mu nufi Kano. Doka ce in sa hijabina mafi tsufa da silifas, ita ma haka. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a, doguwar hijabi ta zama kayan kowa, kuma Yaya ta ce ba abin da ya taimaki talaka irinta, don a hanya ba mai sanin abin da ke ƙasa, sai an shiga cikin gida cikin mata sannan ido yake fara aiki.

A kasuwar Kwari ba ta fara nuna wadda take so. Za ta sa a sauko da wasu, ta kushe su son ranta, sannan kamar da wasa ta ce, "Waccan ta ƙasa fa, wadda ƙura ta rufe?" Sai ta juya bayan atamfar ta ga ko launin ya ratsa har can. Ta kankara da farce ta ga ko sitati ne ya ba ta nauyi. Ta jiƙa farin ƙyalle da yawu ta goga, in ya ɗauko launi ta ce mai zuba ce. In har yanzu tana shakka, ta zare zare ɗaya daga gefe, ta roƙi ashana ta ƙona shi: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule ya yi warin leda to an gama magana. Lasar kuwa har yau ban san me take ji ba. Na gwada sau da yawa a ɓoye, ɗaci kawai nake ji.

Akwai wani dattijo mai kanti da ya san ta tun zamanta a birni. Hajiya yake ce mata, ko da yake ko filin jirgi ba ta taɓa zuwa ba, ita kuma ta ce, "Allah ya amsa bakinka, Alhaji." Shi yake ajiye mata waɗanda yayinsu ya wuce, ko waɗanda rana ta ɗan ci a wurin ninki, ko inda zanen ya ɗan goce a yadi na ƙarshe. Masu kuɗi ba sa kallon irin waɗannan, alhali zaren ɗaya ne da na saman kanta. Yaya za ta warware turmin gaba ɗaya, ta auna da hannu, ta ce wannan tabon zai faɗa cikin zani inda ake rufewa, wancan kuma tela zai sa shi a ƙarƙashin hammata. Sannan a zauna ciniki, wanda ni nake gajiya da shi har in fita in sayi rake in dawo ba su gama ba.

Wurin zaɓen zane ne muke faɗa, kowace shekara. Ni ina son manyan furanni, ja da ruwan ɗorawa, wanda in na shiga gidan biki za a san na shigo. Yaya ta ce wannan shi ne zai tona mu, don mace ba ta manta babban fure. Sai ta ɗauko mai ƙananan zane, kore mai duhu ko ruwan ƙasa ko shuɗi, irin wanda za a ce ya yi kyau amma gobe a kasa faɗin kamanninsa. Na sha yin fushi in ƙi yi mata magana tun daga Kano har Rano. Ita ko a jikinta, gyangyaɗinta take yi da ledar a cinya.

Telan ma a birni yake, wanda bai san Rano ba balle Kibiya. Da jikin Yaya ake aunawa, don ta fi ni jiki nesa ba kusa ba. In rigar ta zo hannuna sai in ɗauki allura in kama ta ta ciki da manyan ɗinki, in na gama bikina in warware kafin in mayar. Wanki kuma da sharaɗi: a fara jiƙawa da gishiri, ba garin sabulu, a shanya a inuwa a juye. In na kuskure, tana buɗewa za ta gane, kuma saƙon faɗa zai biyo direba.

Direban motar Kibiya shi ne ɗan aikenmu, bai kuma taɓa sanin abin da yake ɗauka ba. A lokacin zaɓe an raba wa mata wata atamfa mai hoton ɗan takara, sharara kamar rariya. Yaya ta ce ita ba za ta zauna a kan fuskar mijin wata ba, sai ta mai da ita maɗaurin kayanmu. Duk wanda ya ga ƙullin zai ɗauka tsummokara ne. Mutumin ya faɗi zaɓe, amma ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Rano da Kibiya a bayan mota, tare da buhunan albasa.

Wallahi ina kewar kwance ƙullin nan. In rufe ƙofar ɗaki, in zauna a bakin gado, in warware, sai ƙamshin turaren wutarta ya cika ɗakin kamar ita ce ta shigo. Ninkinta daban ne, a miƙe, gefe da gefe. Kuma ba ta taɓa aiko shi haka kawai ba, kullum akwai ɗan ƙulli a bakin kallabi, wani lokaci aya, wani lokaci kwalli, wani lokaci ɓarin goro da ta san ba na ci, don dai ta tsokane ni. Garin ba nisa, amma mace mai aure da yara ba kullum take fita ba, sai mu yi wata da watanni ba mu ga juna ba. Kayan nan su ne gaisuwarmu.

Shekara tana bin shekara, kaya suka taru, duk na kirki, ba wanda ya koɗe. A Rano aka fara cewa matar malam ta iya sa kaya. A Kibiya kuwa matan gida suka gaji da jira, suka yanke cewa 'yar birni da sauran ajiyarta.

Sau ɗaya muka kusa faɗawa. Mijin Yaya yana da ƙanwa da ke aure a Rurum, mace mai ido kamar na shaho, ba abin da ke wuce ta. Ban san za ta zo wani suna a unguwarmu ba, na cire hijabi ke nan na zauna cikin koriyar atamfarmu, sai ga ta a gabana. Muka gaisa. Ta kama gefen zanina tana murzawa.

Ta ce, "Ikon Allah. Irin ta matar yayana sak."

Na ce, "Tare muka saya."

Ta ce, "Har da ƙunar dutsen gugar tare kuka saya?"

Akwai wata 'yar ƙuna a bakin zanin, ba ta kai ƙwayar wake ba, garwashi ne ya faɗo wa Yaya. Sai na yi abin da na fi iyawa, na tayar da masifa. Na ce ita wace irin mace ce da za ta zo gidan suna tana binciken gefen zanin mutane, ko an ɗauke ta aikin hisba ne ba mu sani ba? Na ce duk macen da ke guga da gawayi tana da ƙuna a zani, in ba ta da ita to ba ta guga. Mata suka yi dariya, aka ba ni haƙuri, ita ma ta yi dariyar yaƙe ta saki. Amma na ga idonta, ba ta yarda ba.

Da na gaya wa Yaya, sai da ta yi zufa. Sannan ta ce koriyar ta zauna a Kibiya, ba ta ƙara hawa mota. Ita ce wadda na fi so a cikinsu, kuma na yi mata rashin kunya a kan haka, ta ƙyale ni.

A shuɗiyar rigar na fara ganewa. Ƙulli ya zo ana gobe wani biki, na ɗauko allura zan kama ta kamar kullum, sai na ga an riga an kama. Ɗinkin Yaya ne, ƙanana, a jere. Na ce to, yau ta tausaya mini. Na zura rigar, ta ƙi wuce kafaɗata. Na tsaya da hannu a sama ina masifa ni kaɗai, ina cewa wace irin mugunta ce wannan, sai abin ya faɗo mini a rai. Yaya da ake auna rigar da jikinta, ita ce ta kama ta daidai jikinta har ta yi mini kaɗan. Ban je bikin ba. Na sa hijabi na tafi tasha.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, wuyanta ya fito, zobenta yana yawo a yatsa. Lokacin wayar hannu ta zo, muna magana lokaci-lokaci, kuma kullum cewa take lafiya lau. Muka shiga ɗaki na rufe ƙofa na fara faɗa ina kuka. Ta ce in rage murya. Ta ce ciwon ciki ne, an je asibiti a Kano, an ba da magani, sauran na Allah ne. Sannan ta ce, "Na manta ban warware ɗinkin ba ko? Kin ga tsufa."

Ciwo ya ci gaba, har ta kwanta. 'Yan dubiya suka fara sintiri, daga cikin gida, daga Rurum, daga Zurgu, dangin miji da na nesa. Ranar da na je na tarar da ita cikin wata tsohuwar riga, ta jawo ni kusa ta ce, "Auta, masu dubiya da ido suke zuwa." Na gane. Na koma Rano na kwashe duk abin da ke wurina na kayanmu, ban bar ko kallabi ba, na kai mata. Kowace safiya 'yarta ta fari takan goge mata jiki ta sa mata wani, a ɗaura mata kallabi, a jingina ta da filo. Mata su shigo su yi sannu, su fita suna cewa baiwar Allah ko a kwance tsaf take. Tana jin su ta taga, kuma na ga yadda hakan yake mata daɗi.

Ta rasu da damina, daidai lokacin da muka saba shiga kasuwa. Ba zan iya ba da labarin ranar ba.

Bayan an share makoki aka sa ranar rabon gado. Ba wani abu ta bari ba, awaki ne da kwanuka da gado da akwati. Ni ba ni da gado a ciki tunda tana da 'ya'ya maza, an dai kira ni a matsayin 'yar'uwa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, malamin unguwa ya zauna daga bakin zaure, mata muka taru daga ciki. Aka buɗe akwatin, aka riƙa fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ana ɗagawa. Ga shuɗiyar, ga mai ruwan ƙasa, ga wadda muka yi faɗa a kanta har Alhaji ya raba mu, ga koriyar. Kowanne na san ranar da aka saye shi, na san man gyaɗa nawa na matse kafin a kai ga shi. Sai wata tsohuwa ta ce, "Kai, matar nan ta san kaya."

Kafin a fara sa wa kaya kuɗi, malam ya yi gyaran murya. Ya ce haƙƙi abu ne mai nauyi, kuma ba a raba abin da ba na mamaci ba. Ya ce in akwai wanda ya san yana da aro ko ajiya ko tarayya a cikin kayan nan, ya faɗa yanzu, don a sauke wa baiwar Allah nauyi.

Sai ƙanwar mijin nan ta Rurum ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Ƙanwarta ga ta nan. Ko akwai naki a ciki?"

Duk suka juyo. Ni kuwa a ranar zanin roba ne a jikina, wanda Yaya ta ce ko akuya ba za ta ci ba, kuma a gida ba ni da wanda ya fi shi. Kalma ɗaya zan faɗa a ware mini rabi, malam ma zai goyi bayana, halak ɗina ne. Kuma ina so. Ba don kyansu kawai ba, ina son in riƙa buɗe akwati ina ganin ninkinta. Amma ina faɗa, kafin la'asar duk Kibiya ta ji cewa 'yar birni shekara da shekaru da kayan haɗin gwiwa take fita.

Ba na son in yi ƙarya a gaban malam a kan gado. Don haka kafin in buɗe baki sai da na ce a zuciyata, Yaya, na bar miki rabina duniya da lahira, Allah ne shaida. Sannan na ɗaga kai.

Na ce, "Babu. Duk nata ne."

Matar ta ɗan ƙara kallona, sannan ta sunkuyar da kai. Malam ya yi addu'a aka ci gaba. 'Ya'yanta mata suka samu wasu, wasu aka sayar a nan take don a daidaita rabon maza, matan gidan suna rige-rigen saye. Ina zaune har aka naɗe tabarma.

Sallar da ta biyo baya da zanin robar na je gaishe-gaishe. Haka bikin da ya biyo ta, haka sunan da ya biyo bikin. Ba a daɗe ba magana ta fara dawo mini a Rano, wai matar malam ta sayar da kayanta, wai abin ya ci su, wai dama ƙarya ce. Wata maƙwabciyata har ta kawo mini kwancen zani, tana yi mini irin kallon nan da Yaya ta ƙi jini, baki a taɓe. Ni da ba a taɓa ni in yi shiru, na sa hannu biyu na karɓa, na ce mata na gode, Allah ya saka da alheri.